Kududdufin Bayan Gidanmu

Duk wanda ya tashi a Zaitawa a zamaninmu ya san damina tun kafin hadari ya haɗu, domin mazari ne ke fara kawo labari. Sai ka ga sun yi dandazo a kan kududdufin bayan gidanmu, ja da shuɗi, fikafikansu na ƙyalli.

Kududdufan birnin Kano ramuka ne da kakanni suka haƙa don ɗiban ƙasar gini. Da irin wannan ƙasa aka yi gidaje da soraye, da ita aka ɗaga ganuwar da Sarki Gijimasu ya fara. Ko Bature Heinrich Barth da ya shigo Kano a 1851 sai da ya rubuta labarin ruwan Jakara da ke gefen Kasuwar Kurmi. Ruwan sama ya cika ramukan, halittu suka tare.

Kowane kududdufi da irin mutanensa. Namu mai zurfi ne, ba ya ƙafewa ko da bazara. Akwai bado, akwai kainuwa. In ka ɗaga kainuwa ka girgiza saiwarta a cikin ƙwarya, sai ka ga duniya guda: ƙananan katantanwa, baƙin ƙwaro mai iyo kamar kwalekwale, da wata mummunar halitta mai ƙafa shida. Sai da na girma na san ita ce 'yar mazari, a ruwa take rayuwa tana cin tsutsar sauro, har ranar da za ta hau kara ta tsage baya ta tashi sama. Ƙaramin ramin da ke ƙafewa da rani kuwa, talibambam da tsutsar sauro ne ke rige-rigen girma a cikinsa kafin ruwa ya janye. Wanda kwatami ke malala masa, ruwansa baƙi, ba ka samun komai sai jajayen tsutsotsi a cikin laka, don su ne ke jure ruwan da iska ta yi ƙaranci a cikinsa.

Ranar da matsattsaku ya kama ni a ƙwauri, da gudu na shiga gida ina ihu. Kakata ta zaunar da ni a tabarma, ta barbaɗa masa gishiri, ya saki.

"Ɗan nan, ba na hana ka shiga ruwan nan ba?"

"Inna, katantanwa na je nema."

Ta yi murmushi ta shafa min toka. Washegari ina zaure ina murza katantanwata da yara.

Ruwan yana da nasa sharrin. Ta jikin waɗannan katantanwa tsargiya ke yaɗuwa, kuma da yawa cikinmu mun yi fitsarin jini. Kurkunu ma ta wani mitsitsin ƙwaron ruwa yake shiga cikin mutum, har Allah ya sa aka tabbatar da Najeriya ta rabu da shi a 2013. Amma kududdufin ne ke shanye ruwan unguwa in an yi mamako, a bakinsa mata ke wanki, a nan balbela ke kiwo.

Bara na koma wajen. An cike shi da shara, an yi shaguna a kai. In an yi ruwa yanzu, cikin zaurukan mutane yake kwana, sauro kuma ya samu kwata babu mai cinsa. Na daɗe a tsaye ina duba sama ko zan ga mazari ko ɗaya. Allah ya jiƙan Inna, ya kuma ba mu ikon tsare 'yan kududdufan da suka rage.