Wandon Farko: Wane Yanka Ya Dace da Mai Koyo?

Kowace shekara, idan ɗalibanmu na ƙungiyar ɗinki suka gama da rigar matashin kai da jakar littattafai da siket, abin da ke biyo baya a bakinsu shi ne wando. Maza da mata duk burinsu ɗaya. Wannan ya zo da hoton wandon jins, wancan ya kwatanta mana wandon kwat irin na ma'aikatan banki, mai zik da aljihu huɗu da gidan bel. Mu kuwa da muke tsaye a bayansu sa'ad da suke taka keke, amsarmu ba ta canzawa: wandon farko ya zama mai roba ko mai zariya a ƙugu, mai yalwa, ba zik, ba aljihu. Da yake wasu iyaye da 'yan'uwa a ikilisiya sun sha tambayarmu dalili, mun ga ya kyautu mu yi amfani da wannan fili mu bayyana.

Yadi biyu da rabi ba ƙaramin kuɗi ba ne ga iyayen da suka gama biyan kuɗin makaranta da na littattafai. Idan almakashi ya ɓata shi, ya ɓatu ke nan. Amma akwai asarar da ta fi wannan damunmu. Yaron da wandonsa na farko ya ƙi shiga, ko ya shiga amma ya hana shi zama, da wuya ya sake komawa kan keke. Sai ka ji ya ce, "Malam, ni ba ni da hannun ɗinki." Alhali kuwa hannunsa lafiya ƙalau, yankan da ya zaɓa ne ya fi ƙarfinsa. Mun ga yara masu basira sun bar sana'ar da za ta iya riƙe su har tsufa saboda zik guda ɗaya.

Telolinmu na kasuwa galibi ba sa amfani da takarda. Su auna mutum, su zana da alli a jikin yadi, su yanka. Wannan gwaninta ce ta shekaru a gaban maigida, bayan an daɗe ana sa maɓalli da yin guga. Mai koyo ba shi da waɗannan shekarun, don haka yake bukatar takardar yanka, wadda a aji muke kira fatan, wato siffar kowane ɓangare na tufa a kan takarda, da za a shimfiɗa bisa yadi a bi. Wani tela a Amurka mai suna Ebenezer Butterick ne ya fara sayar da irin waɗannan takardu masu girma daban-daban a 1863, kuma da kayan maza da na yara maza ya soma. Daga baya kamfanin Simplicity ya fito a 1927, mujallar Burda ta Jamus kuma a 1950. Yau takardun sun yi yawa har zaɓi ya zama aiki, shi ya sa ya kamata a san inda wahalar wando take kafin a miƙa hannu.

Wahalar wando tana hantsa. Siket kamar buhu ɗaya ne, amma wando ƙafa biyu ne da za su haɗu a wani lanƙwasasshen ɗinki da ya taso daga cibiya, ya bi ta tsakanin cinyoyi, ya hau har baya. Lanƙwasar baya ta fi ta gaba tsawo da zurfi, domin a nan jiki ya fi cika, kuma nan ne ke miƙewa idan mutum ya zauna. A matsattsen wando, kuskuren rabin inci a wannan wuri ya isa ya sa yadi ya tattare a gaba ko ɗinki ya ɓarke a baya. A wando mai yalwa kuwa, rabin incin nan yakan ɓace cikin faɗin yadi, ba mai lura. Kakanninmu sun san haka. Dubi buje: hantsa a sake, ƙugu mai faɗi, zariya ta bi ta ƙubaka ta tattara shi, har wando ɗaya ya yi wa mai jiki da siriri. Tsala ce ke neman gwani.

Saboda haka idan ɗalibi ya kawo mana takarda, abu na farko da muke sa shi yi shi ne ya ƙirga ɓangarorinta. Idan biyu ne, gaba da baya, ko uku har da ƙugu, to madalla. Idan ya ƙirga ya wuce goma, ga na aljihu, ga na murfin zik, ga na gidan bel, sai mu ce ya adana ta zuwa baɗi. Na biyu, ya duba irin yadin da aka ce a yi amfani da shi. Takardar da aka zana don yadi mai talewa kamar na rigar ƙwallo an matse ta da gangan, in aka yanka atamfa da ita wandon ba zai wuce cinya ba. Na uku, ya bincika ko an haɗa da rarar ɗinki a gefe. Takardun Simplicity da Butterick yawanci suna zuwa da rarar santimita 1.5, amma na cikin mujallar Burda ba su da ita, mai yanka ne zai ƙara da kansa. Wanda bai san wannan ba zai ɗinka wandon da sai ƙaninsa.

Sai batun awo, inda nan ne mafi yawan masu koyo ke tuntuɓe. Sukan zaɓi girma bisa awon ƙugu, ko bisa lambar da ke jikin wandon da suka saya a kasuwa. Lambar kasuwa da ta takarda ba ɗaya ba ne, kuma a wando mai roba, kwatangwalo ne sarki. Dalili kuwa a fili yake: tun da babu zik da za a buɗe, dole bakin wandon ya wuce ta inda jiki ya fi faɗi kafin ya kai ƙugu. A ce ƙugun yarinya inci 28 ne, kwatangwalonta 38. To bakin wandon, kafin a zura roba, kada ya gaza inci 40. Robar ce za ta dawo da shi 28. Akwai kuma awon da ake yawan mantawa, wato zurfin hantsa. Mutum ya zauna a miƙe bisa benci, a auna daga ƙugunsa ta gefe zuwa katakon, a ƙara kamar inci 1 don walwala. Mukan ce kowa ya sami abokin da zai auna shi, mace ta auna mace, namiji ya auna namiji, a rubuta a littafi nan take.

To ina za a sami takardar? Ba lallai sai an saya ba. Wandon barci ko na wasanni da yake yi wa mutum daidai, shi ne malami mafi arha. A juya shi, a zura ƙafa ɗaya cikin ɗaya don lanƙwasar hantsa ta fito sosai, a shimfiɗa bisa tsohuwar jarida ko takardar buhun siminti da aka kakkaɓe, a zana gaba daban, baya daban. Wajen zana ƙugu, wani ya ja robar ta miƙe iyakar miƙewarta. Sannan a ƙara rarar ɗinki a gefe, da inci 1 da rabi a sama don ƙubaka, da inci 1 a ƙasa don kalmasa. Masu samo takarda daga intanet kuma su lura da ɗan murabba'in gwaji da ake sawa a shafin farko. A buga wannan shafin shi kaɗai, a auna da tef. In bai yi daidai da awon da aka rubuta a jikinsa ba, na'urar ta rage girman, kuma duk sauran shafukan haka za su fito.

Yadi ma yana da nasa. Auduga marar santsi ita ce abokiyar mai koyo, domin tana zama inda aka ajiye ta, tana kuma karɓar guga. Siliki da karan-miski da yadin jins mai kauri su jira tukuna. Atamfa tana da daɗin ɗinki, sai dai a nemi mai ƙananan zane, don mai manyan furanni tana bukatar a daidaita zanen ƙafar dama da na hagu. A wanke yadin kafin a yanka, gama auduga takan shiga a wankin farko. A ninka shi biyu, a jera tsawon ƙafar wandon daidai da bakin yadi, in ba haka ba ƙafar za ta riƙa murɗewa bayan wanki. Ninkin nan ne kuma ke hana mutum fitowa da ƙafar hagu guda biyu. Wanda yake da hali ya fara gwadawa da akoko ko tsohon zanen gado, ya haɗa da dogon ɗinki mai sauƙin farkewa, ya sa, ya zauna, ya tsuguna, ya ɗaga ƙafa bisa benci. Inda ya ji ya ja shi, nan ne wurin gyara a takarda, tun almakashi bai taɓa yadin kirki ba.

Mun san ƙorafin ɗalibai. Sukan ce irin wannan wando ai na barci ne, ba na shiga mutane ba. Ba haka ba ne. Wandon da ake sawa ƙarƙashin kaftani da babbar riga, har a ranar biki, na zariya ne. Abin da ke sa wando ya yi kwarjini shi ne miƙaƙƙen ɗinki, da kalmasar da ƙafa biyu suka zo daidai, da guga a kowane mataki. Kuma da rarrafe yaro kan tashi. A wando na biyu mukan ƙara aljihun gefe, a na uku a ɗan rage faɗi, sai a na huɗu a zo ga zik da ƙugu mai maɓalli. Wanda ya bi wannan tsani yakan iske zik ɗin bai kai yadda ake tsoronsa ba, domin hannunsa ya riga ya san hantsa.

Roƙonmu ga iyaye shi ne, idan yaro ya dawo hutu da wandon da ya ɗinka da hannunsa, kada a fara da neman inda ɗinki ya karkace. A bar shi ya sa, a kuma ba shi yadi ya yi wa ƙanensa. Ga ɗalibai masu fita a bana kuwa, ku tafi da takardunku, ku rubuta suna da awo da kwanan wata a jikin kowace, ku adana su inda ruwa da gara ba za su kai ba. Allah ya sa albarka a aikin hannuwanku.