Daga Ƙaura zuwa Zurmi: In famfon gida ya rage ƙarfi da hunturu

Mai karatu, in ka taɓa kwana a Ƙauran Namoda cikin watan Janairu, ka san yadda safiyar garin take. Hazo ya rufe sama, ƙafa ta yi kaushi, kowa ya ƙudundune cikin mayafi yana jiran ruwan zafi. A irin wannan safiya na tarar da matan gidan kawuna sun jera bokitai a bakin famfo, ruwa na zuba siriri kamar zare. Bokiti ɗaya sai ya ci minti goma.

Gidan yana kusa da tsohuwar tashar jirgin ƙasa, inda layin dogo da ya taso daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya tsaya tun 1929. Kawu ya yi bohol shekaru huɗu da suka wuce, ya ɗora tanki a kan ƙarfe, ya huta da 'yan garuwa. Da sanyi ya shigo sai ruwan ya fara ja da baya. Wani mai gyara ya zo, ya kunna ya kashe, ya ce sumo ya mutu, a sayi sabo. Kawu har ya yanke shawarar kai ragon da yake kiwo don layya kasuwa.

Wani dattijo maƙwabcinsa, tsohon ma'aikacin reluwe, shi ya tsayar da shi. "Malam, ka ba ni kwana biyu kafin ka taɓa ragon nan," in ji shi.

Abin da ya yi kai ma za ka iya, ba ka buƙatar komai sai alli. Da magariba aka cika tanki, aka rufe makullin da ke fitar da ruwa zuwa gida, ya sa yaro ya hau ya ja layi daidai inda ruwan ya tsaya. Da safe ruwan na nan kan layi. Ke nan tankin lafiya lau. Da ya sauka, da sai a nemi tsaga a jikinsa, ko a duba bawul ɗin da ke hana ruwa komawa cikin bohol, musamman in bututun shigowa ta ƙasan tanki ya biyo.

Dare na biyu aka sake cikawa, aka buɗe makullin, aka rufe duk famfunan gida, aka hana kowa ɗiba. Da safe ruwan ya sauka fiye da kamu ɗaya. Dattijon ya ce a zagaya gida a nemi ciyawa. Ka san da hunturu ƙasa ta bushe ƙayau, don haka duk inda ka ga kore, akwai dalili. Bayan banɗaki muka same ta, 'yar ciyawa shar a gindin katanga. Da aka tona, ga bututun roba ya tsage a gwiwa, wurin da ruwan sama ya zaizaye ƙasa rana ta daɗe tana gasa shi. Gwiwa ɗaya da gam suka gama aikin.

Kafin mu rabu ya ƙara mini da wani abu. Ƙarfin ruwan famfo daga tsayin tanki yake zuwa. Kowace mita 10 ta tsayi tana ba da abin da masu aikin ke kira ba ɗaya. Tankin da ke kan mita 3 bai kai sulusin haka ba, shi ya sa 'yar tsaga ko ɗan toshewa ke nunawa nan take a bakin famfo.

Daga Ƙaura na kama hanyar arewa, ta Moriki, zuwa Shinkafi wajen gwaggota. Hanya ce da yanzu ba a binta sai da rana tsaka, kuma sai ka tambayi direbobi a tasha yadda ta kwana. Na shiga ranar Laraba, jajibirin kasuwar Alhamis da ta yi suna wajen dabbobi da hatsi, wadda har daga Nijar ake zuwa cinta.

Gwaggo ita ma kuka take da ruwa, amma nata daban. Bohol ɗinta da sola yake aiki. Ta ce da kaka tun hantsi tanki ke cika, yanzu kuwa sai azahar ruwa ke fara hawa, kafin la'asar ya ɗauke. Na ce wa ɗanta ya kawo tsani. Farantan solar sun yi fari fat da ƙura, har kana iya rubuta sunanka da yatsa. Hazo ya rage hasken rana daga sama, ƙura ta tare sauran. Washegari da asuba, kafin gilashin ya ɗauki zafi, muka wanke su da ruwa da tsumma mai laushi. Ranar tanki ya cika kafin a dawo daga kasuwa.

Saura famfon madafa, wanda shi kaɗai ya ƙi ƙarfi. Riƙe wannan: in famfo ɗaya ne ya yi rauni sauran na zuba, matsalar a bakinsa take. Muka kwance kansa, 'yar ragar ciki cike da yashi. Ba abin mamaki ba ne a Shinkafi. Ƙasar nan ta yashi da tsakuwa ce, gefen kwarin Sakkwato, ruwa na kwance a tsakanin yashin, kuma yakan biyo bututu in matatar bohol ba ta da kyau. Ƙaura kuwa a kan dutse take zaune, ruwanta a tsagogin dutse yake maƙalewa. Shi ya sa a can za ka ga gida biyu katanga ɗaya, wannan bohol ɗinsa na ambaliya, wancan na tari.

Zangona na ƙarshe Zurmi ne. Sai da na dawo Ƙaura na kama hanyar da ke wucewa Jibiya. A nan na ga inda sumo ke da haƙƙin a tausaya masa. Gidan abokina ya cika da 'yan uwa da suka baro ƙauyuka saboda 'yan bindiga. Bohol ɗin da aka yi wa mutum goma yanzu yana shayar da gidaje biyar. In aka tada janareta, ruwa ya zo da ƙarfi na ɗan lokaci, sai bututu ya fara tari yana tofar da iska, ruwan ya koma ja da laka.

In ka ga haka, kashe nan da nan. Ruwan cikin ramin ne ya sauka ƙasa da bakin injin. Sumo da ruwan da yake ja yake samun sanyi, in ya yi ta juyi a bushe sai ya ƙone. Rabon yankin da ruwan sama tun wajen Oktoba, gulbi ya zama yashi, ruwan ƙasa kuma zai ci gaba da sauka har damina ta faɗi. Abin da abokina ya koma yi shi ne jan ruwa kaɗan-kaɗan: minti 20, a huta awa ɗaya ramin ya taru, a sake. Ya kuma kira mai haƙa ya auna zurfin, aka ƙara sandar bututu ɗaya, ba tare da an kai injin gindin rami inda laka take ba. Ya ce mini ko nawa ne zai kashe, don ba zai tura 'yan mata bakin gulbi da jarka a wannan zamani ba.

Ƙanena da ke karatu a Ingila ya yi dariya da na ba shi labari. Ya ce tukunyar ɗumama gidansu ma da sanyi take rage ƙarfi, kuma mai gyaran kirki ba ya cewa a sayi sabuwa sai ya bi bututu ya nemi inda ke yoyo.

Don haka in famfonku ya fara zare, bi ruwan daga baki zuwa tushe. Fara da kan famfo, sai bututu, sai tanki, sai wuta ko sola, sannan ramin. Sumo shi ne na ƙarshe, shi ne kuma mafi tsada. Mai gyaran da ya fara da shi, ka ce ya dawo jibi, ka nemi allinka.

Ragon Kawu dai yana nan ɗaure a gindin darbejiya, yana cin dusa yana jiran Babbar Sallah.