Dare ne ya fi wuya

Taɓin hankalin ƙanena da dare yake tashi. Da rana lafiya lau, amma da an yi sallar isha'i sai barci ya ƙaurace masa, ya yi ta zagaye gida yana surutai har asuba. Inna ba ta runtsawa. Kawu har mari ya sayo, ni na hana a sa masa.

Bayan sati uku a gidan likita, majo ya ba da shawara: ya riƙa wuni wurin telan da ke koya masa ɗinki, da magariba ya dawo ya sha magani ya kwana. Lokacin hutun lakwal ne, sai na riƙa shimfiɗa tabarma gefen gadonsa, da safe in raka shi shago.

Abin da ya fi yi mini ciwo daga wurinmu iyaye ya fito. Wata ta fizge ɗanta daga ƙofar shagon tana cewa "mahaukacin nan". Ya ji ta. Telan bai tanka ba, ya miƙa masa almakashi.

Yanzu a gida yake kwana. Maganin na cikin kwanon Inna, ita ke ƙirga ƙwayoyin.