Samarin Ingila da Dogon Kiɗansu

Ba abin da ke saurin haɗa uba da ɗansa gardama kamar kiɗa. Uba yakan ji abin da ke fitowa daga ɗakin samari ya ce hayaniya ce kawai, yaro kuwa ya ce tsoho bai gane ba. Irin wannan gardama ta yi zafi a ƙasar Ingila tsakanin 1967 da 1977, sa'ad da samarin can suka rungumi wani kiɗa da ake kira furog, wato rok mai neman ci gaba. Labarinsa yana da amfani ga kowane gida inda akwai saurayi ko budurwa.

Kafin wannan lokaci, waƙar rok ba ta cika wuce minti 3 ba. A sa ta a garmaho, a yi rawa, a sa wata. Amma babban faifai yana ɗaukar wajen minti 20 a kowace fuska. Sai waɗansu makaɗa suka ce, me zai hana a cika fuskar nan da waƙa guda? Ƙungiyar King Crimson ta nuna hanya da faifanta na fari a 1969. A 1972 ƙungiyar Yes ta fitar da waƙa mai minti 18. A shekarar nan kuma Jethro Tull suka yi wadda ta fi minti 40, har sai an juya faifan kafin a ji ƙarshenta. Kiɗan yakan fara a hankali kamar yayyafi, ya yi ƙarfi, ya sauya taki, ya lafa, sa'an nan ya komo kan muryar da ya fara da ita.

Masu son wannan kiɗa galibinsu samari ne, 'yan makarantar sakandare da ɗaliban jami'a. Ba rawa suke yi ba. Sukan taru a ɗakin ɗayansu su zauna shiru, suna duba zanen da ke bangon faifan, suna bin kalmomin waƙar. Mai zane Roger Dean, wanda ya zana giwa mai fikafikai a faifan Osibisa, ƙungiyar da 'yan Gana suka kafa a Landan a 1969, shi ne ya riƙa zana wa Yes nasu. Yaro yakan tara kuɗin makonni domin ya sayi faifai ɗaya.

To, me ya ja su? Yaro ɗan shekara 15 yini yake yi ana ce masa zauna, tashi, yi shiru, ba ka isa ba tukuna. Ga shi kuwa ya sami kiɗan da ke neman haƙurinsa da hankalinsa, kamar yadda ake nema wurin babban mutum. Wuyar kiɗan ita ce daɗinsa a gare shi. Banda haka, makaɗan ba su girme shi da yawa ba. Waɗanda suka kafa Genesis a 1967 'yan makarantar kwana ne. Mike Oldfield yana ɗan shekara 19 ya naɗi faifansa Tubular Bells, wanda ya fito a 1973, shi da kansa kuma ya kaɗa yawancin kayan kiɗan da ke ciki.

Iyaye da yawa sun ga dogon gashi, sun ji ƙarar jita, suka ce 'ya'yansu sun bar hanya. Amma a duba labarin Chris Squire. An haife shi a Landan a 1948. Tun yana ɗan shekara 6 ya shiga ƙungiyar mawaƙa ta wata majami'a a unguwar Kingsbury. A can ya koyi yadda murya huɗu ke tafiya tare, kowace da hanyarta, ba tare da sun yi karo ba. A 1964 aka dakatar da shi daga makaranta saboda tsawon gashinsa, aka ce ya je ya yi aski. Bai koma ba. Ya sami aiki a kantin sayar da kayan kiɗa, ya duƙufa kan jita mai babbar murya. A 1968 shi da Jon Anderson suka kafa Yes, ya kuwa zauna cikinta har mutuwarsa a 2015.

Wanda ya ga yaron nan ran da ya bar makaranta zai ce wahalar malamin waƙa ta tafi a banza. Ashe ba ta tafi ba. Haɗin muryoyin da aka san Yes da shi, a majami'a Squire ya koyo shi. Abokin aikinsa Rick Wakeman, wanda ya shiga ƙungiyar a 1971, ya taɓa koyarwa a makarantar Lahadi ta wata ikilisiyar Baftis, an kuwa yi masa baftisma yana ɗan shekara 18. A tsakiyar waƙar nan mai minti 18 akwai wurin da ake jin babban ogan mai bututu, a cikin wata tsohuwar majami'ar Landan aka naɗe shi. Tun 1967 ma ƙungiyar Procol Harum ta yi suna da waƙar da ta ɗauko salon Bach, Bajamushen da ya shugabanci waƙar majami'a a birnin Laifzig daga 1723 zuwa 1750. Gaskiyar masu magana, kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.

Wannan bai nuna cewa tsoron iyayen ba shi da tushe ba. Miyagun ƙwayoyi sun yi yawa a cikin makaɗan zamanin. Syd Barrett, wanda ya fara jagorantar Pink Floyd, ya bar ƙungiyar a 1968 hankalinsa a dagule, mutane da yawa kuma sun ɗora laifin a kan ƙwaya. Faifan da Jethro Tull suka fitar a 1971 ya soki shugabannin addini a fili. Akwai tsaba a wannan kiɗa, akwai kuma ƙaiƙayi. Sai dai uban da ya tsaya a bakin ƙofa yana tsawa ba shi da hanyar rarrabe su. Wanda ya shiga ya saurara, shi ne zai iya ce wa ɗansa, wannan yana da kyau, wancan kuwa ka yi hankali da shi, ɗan kuma ya ji.

Su ma samarin furog ba su daɗe suna cin kasuwarsu ba. A 1976 ƙannensu suka taso da kiɗan fank, gajere mai tsawa, suka ce na yayyensu ya cika tsawo da girman kai. Johnny Rotten na ƙungiyar Sex Pistols har riga ya sa mai sunan Pink Floyd, ya rubuta a kanta cewa ya tsane su. Waɗanda jiya ake kira marasa jin magana, sai ga su suna gunaguni a kan yaran zamani. Bayan shekaru masu yawa, shi Rotten ɗin ya faɗa cewa ba ƙinsu yake yi ba.

Kiɗan bai mutu ba kuwa. A 1985 waɗansu ɗaliban makarantar kiɗa a Bostan ta Amurka suka kafa ƙungiyar da ta zama Dream Theater, suka gauraya furog da rok mai nauyi. Kate Bush, wadda David Gilmour na Pink Floyd ya taimaka wa tun tana budurwa, ta yi wata waƙa a 1985. A 2022 matasa suka ji ta a wani wasan talabijin, suka yi ta saurarenta ta intanet har ta zama ta ɗaya a Ingila, shekara 37 bayan fitowarta. Waƙar zamanin iyayensu ce, amma da kansu suka zaɓe ta.

Saboda haka malamin da ke koya wa yara waƙa kada ya karai in ya ga sun girma sun bi wani kiɗa dabam. Abin da ya zuba a kunnensu yana nan. Uba kuma, in ya ji baƙon sauti daga ɗakin ɗansa, ya nemi kujera ya zauna, ya ce a mayar da waƙar daga farko, ya tambayi yaron abin da yake ji a cikinta. Ko da minti 18 ce, ba ta kai tsawon wa'azin ran Lahadi ba.