Hoton baƙo amana ne

Bara wani malami Bamisire daga Azhar, mai koyar da Larabci a Maraɗi, ya sallaci Juma'a tare da mu nan Dakoro. Ni da kaina na roƙe shi muka ɗauki hoto. Bayan wata biyu sai ga hoton a WhatsApp, ana tara kuɗin ginin masallacin ƙarya da sunansa. Ya kira ni, murya na rawa. Baƙo ba shi da dangin da za su wanke shi. Tun ranar ba ya yarda a ɗauke shi, ko da ni ne.

Kafin ka tura irin wannan saƙo, ka tuna aya ta 6 ta Suratul Hujurat ta wajabta maka bincike. Wanda ya turo mini, na tambaye shi inda ya samo, har yau shiru.