Tuba da Iko: Kalmomi Biyu a Bakin Kirista Bahaushe

Mai koyon Hausa a Nima ko Mamobi ba ya daɗewa bai ji kalmar "tuba" ba. Yaro yakan ce "na tuba" idan ya ga bulala, malami kuma yakan kira jama'a su tuba ga Allah. Kalmar daga Larabci ta zo, kuma tushenta komowa ne. Haka ma "iko": sarki yana da shi, alƙali yana da shi. Amma a bakin Kirista Bahaushe kalmomin biyu suna ɗauke da wani nauyi na daban, wanda sai an koma ƙasar Zazzau ake gane shi.

A ƙarni na 19 an yi wani malami a Kano, Malam Ibrahim, wanda ya riƙa fifita matsayin Annabi Isa a karatunsa. Aka kashe shi, almajiransa da ake kira Isawa suka watsu zuwa Ningi da wasu wurare. A 1913 wasu daga zuriyarsu suka iske Likita Walter Miller na mishan ɗin CMS a Zariya, suka karɓi Kiristanci, aka kafa musu ƙauye a Gimi. Ba a jima ba ciwon barci ya faɗa wa ƙauyen, ya kashe mutane da yawa. Waɗanda suka rage suka koma Zariya, daga baya mishan ɗin ya tare a Wusasa. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Miller ya jagoranta.

A wajen waɗannan mutane tuba ta wuce nadamar laifi guda. Juyawar rayuwa ce ɗungurungum, wadda suke kira sabuwar haihuwa, kuma sau da yawa farashinta rabuwa da dangi ne. Iko kuwa, a fahimtarsu, na Ruhu Mai Tsarki ne. Shi ya sa mai bi yakan ce "an ba ni iko", ya bar mai bayarwa a ɓoye cikin "an", domin kowa ya san wanda ake nufi. Mutanen da suka binne 'ya'yansu a Gimi sun san wannan iko bai hana mutuwa ba. Abin da ya ba su shi ne tsayawa bayanta.

Farfesa Ishaya Audu ɗan wannan zuriya ne. An haife shi a Anchau a 1927, ya zama likitan yara, ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, ya riƙe ministan harkokin waje daga 1979 zuwa 1983. Sojoji suka kifar da gwamnati, aka tsare shi. Da ya fito sai ya zauna a Samaru yana duba marasa lafiya a asibitinsa, yana kuma wa'azi, har rasuwarsa a 2005. Iko na kujera an karɓe shi a dare ɗaya. Wanda ya yi imani an ba shi daga sama ya ci gaba da aiki da shi shekara 20.

Don haka idan ɗalibi ya ci karo da "iko" a rubutun Kirista, kafin ya fassara ya fara tambaya: wa ya bayar, kuma don wane aiki?