Wa Ya Faɗa Masa?

Shekara ashirin da ɗoriya ke nan ina riƙe da alƙalamin dattijon zangonmu a Partago, cikin ƙasar Jugu, arewacin Jamhuriyar Benin. Aikin magatakarda a wurinmu ba mai kwarjini ba ne: wasiƙar ta'aziyya zuwa zangon Paraku, lissafin kuɗin gyaran masallaci, sunayen shaidun aure. Karatun allo na yi, na zarce na zaure, don haka hannuna ya fi sakewa da ajami. In takarda za ta shiga ofishin hukuma sai an juya ta zuwa Faransanci, wato in hau babur zuwa Jugu wurin wani tsohon malamin lakwal, in jira shi kwana biyu ko uku.

A damunar bara wani maƙwabci ya shigo da kunyoyin doyarsa cikin gefen maƙabartarmu. Baba Alhaji ya ce a rubuta wa hukuma. Ina shirin tafiya, sai ɗan ƙanena da ke karatu a Paraku ya ce in dakata. Ya ɗauko wayarsa, na faɗa masa buƙata da Hausa, ya shigar cikin ɗaya daga manhajojin nan na ƙirƙirarriyar basira. Kafin shayi ya tafasa wasiƙa ta fito, da gaisuwarta da ladubbanta na ofis. Ba zan ɓoye ba, gabana ya faɗi. Na dubi alƙalamina kamar yadda mai jaki ya dubi motar farko da ta shigo kasuwa.

Daga baya na bi diddigin abin, don malamanmu sun hore mu da tambayar asali. Kalmar da masana kwamfuta ke kiran matakan lissafi da ita, algoridim, daga sunan Alkawarizmi ta samo tushe, malamin da ya rayu a Bagadaza zamanin Halifa Ma'amun, ƙarni na 9 na Miladiyya. Mu ma ba baƙin hisabi ba ne. Muhammadu Alkashinawi, Bakatsinen da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi talifi kan ƙa'idojin cika gidajen hatimi da lambobi. A 1950 Alan Turing na Ingila ya yi tambaya ko na'ura za ta iya tunani. A 1956 wasu masana suka taru a Dartmouth ta Amurka suka raɗa wa fannin suna. A 1997 kwamfutar Deep Blue ta kayar da gwanin darar Turawa na duniya, Garry Kasparov. ChatGPT ta fito a ƙarshen 2022, gwamnatinmu kuma ta amince da tsarin ƙasa kan fannin a Janairun 2023. Yadda irin waɗannan manhajoji ke aiki kuwa, rubuce-rubucen mutane ne masu ɗimbin yawa aka ɗura musu, har suka koyi hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo 'yar'uwarta. Ɗalibi ne da ya haddace littafi dubu bai taɓa durƙusawa gaban malami ba.

A ranar wasiƙar dai ban san wannan ba tukuna. Yaron ya ce hujjarmu za ta fi ƙarfi in an sa tarihi, sai ya tambayi na'urar yadda Hausawa suka zo Jugu. Ta amsa daidai: hanyar goro ce, ayarin fatake daga Kano da Sakkwato suna ratsa Borgu, su yada zango a Jugu, su wuce Salaga ta ƙasar Gwanja, su kai kanwa da tufafi su komo da goro. Baba Alhaji yana ta gyaɗa kai. Sai yaron ya ƙara tambaya: wa ya bai wa Hausawan Partago filin maƙabarta? Nan take ta kawo sunan wani basarake da shekara, cikin lafazi mai santsi, babu ko tari.

Dattijon ya yi shiru, sannan ya juyo gare ni. "Malam, wa ya faɗa masa?"

"Ranka ya daɗe, ba mutum ba ne, na'ura ce."

"To wa ya faɗa mata? Ni kakana ya faɗa mini, shi kuwa yana tsaye aka kafa iyaka. Wannan sunan ban taɓa jin sa ba."

Tambayar masu hadisi ce ya yi, ta isnadi, ko da yake bai kira ta da sunanta ba. Da wannan suna ya shiga wasiƙa, da dattawan ɗaya ɓangaren, waɗanda suka san sarakunansu kamar tafin hannunsu, sun kama mu da ƙarya a gaban hukuma, gaskiyarmu ta tafi tare da ita. Kaburburan iyayenmu ne a kan faifai.

Muka buɗe akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gadonsa. A cikin gafaka akwai takardar ajami da gara ta ci gefenta, da sunan wanda ya ba da filin, da shaidu huɗu, da itacen kukar da aka yi iyaka da shi. Wayar yaron ta kasa karanta ta. Ni na karanta, yana rubutawa da boko, na'urar tana mayarwa Faransanci, malamin lakwal ya duba daga baya ya gyara wuri biyu. An janye kunyoyin kafin kaka.

Ban tsani abin ba, yanzu ma da shi nake tsara wasiƙun ofis. Abin da ke hana ni barci daban ne. Jikokinmu ba za su tambayi dattijo ba, wayar za su tambaya, ita kuwa abin da aka rubuta aka ɗora a intanet kaɗai ta sani, kuma inda ba ta sani ba ba kullum take cewa "Allahu a'alamu" ba. Masu karanta ajamin wancan hannun a zangonmu ba mu fi a ƙirga da yatsu ba, ni ne ƙaraminsu, ga furfura ta cika mini gemu.

Saboda haka duk Alhamis bayan la'asar nakan zauna gaban Baba Alhaji, in ɗauki hoton takardu, in naɗi muryarsa. A nan na ci karo da abin da ban yi tsammani ba. Akwatin ba tarihin alfahari kaɗai ya ƙunsa ba. Akwai basussukan da aka yafe a asirce, akwai gidajen da asalinsu ya taɓa zamanin bauta, jikokinsu kuma yau surukanmu ne kuma limamanmu. In ban adana ba su ɓace, in na ɗora inda na'ura za ta haɗiya, na tona abin da magabata suka binne da gangan.

Makon jiya yana cikin ba da labarin wani madugu da ya rasu a hanyar Salaga ya bar yara a zango, sai ya ɗaga hannu.

"Malam, kashe wannan abin. Sauran a kunnenka zan zuba."

Na kashe, na matso kusa da shi.